Shaihu Umar: Daga Dandamali Zuwa Akwatin Talabijin

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Maganar gaskiya ce a kasuwa, gaskiya ce kuma gaban alƙali. Amma akwai wurin da in gani ya kori ji an yi hasara, a kan irin wannan wuri kuwa mu ke so mu yi magana da masu karatu yau. Akwai wani wasan kwaikwayo da aka fara yi bisa dandamali gaban jama'a, ya yi suna, sa'an nan aka ɗauke shi a fim. Yanzu da akwatin talabijin ya shiga ƙauyuka, har ya kai tsakar gidajen da majigi ba ta taɓa leƙawa ba, ya kamata mu tambayi kanmu: kadan aka ɗauki wannan wasa aka sa shi cikin akwatin nan, me zai ƙaru da shi, me kuma zai zube a hanya? Wasan da mu ke nufi shi ne Shaihu Umar.

Bari mu fara da asalinsa, gama yaran yanzu da yawa sun san sunan, ba su san tushen ba. Cikin 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, wadda Dokta R. M. East ke shugabanta, ta yi shelar gasar rubuta labarai da Hausar boko. Littattafai 5 suka fito daga wannan yunƙuri, watau Ruwan Bagaja, da Ganɗoki, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi, da Shaihu Umar wanda aka buga cikin 1934. Mawallafinsa wani saurayin malamin makaranta ne a Bauci, shekarunsa ba su wuce 22 ba, shi ne wanda duniya ta sani daga baya da sunan Abubakar Tafawa Ɓalewa, Firayim Ministan Nijeriya daga 1957 har ranar da aka kashe shi cikin Janairu 1966. Mervyn Hiskett ya juya littafin da Turanci cikin 1967. A farkon shekarun 1970 Umaru Ladan ya haɗa kai da Dexter Lyndersay, mutumin Tirinidad da ke aikin wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello, suka mai da labarin wasan dandamali, aka buga shi littafi cikin 1975. Cikin 1976 kuma Adamu Halilu ya ɗauke shi a fim da Hausa, da kuɗin Gwamnatin Tarayya, Umaru Ladan ɗin nan kuwa yana cikin manyan 'yan wasan.

Labarin kansa ba shi da tsawo. Wani babban malami ne zaune a Rauta, almajiransa kewaye da shi, suka tambaye shi asalinsa, shi kuwa ya shiga ba su labari. A Kagara aka haife shi, ubansa ya rasu, uwarsa ta auri Makau, wani jarumin bafade. Maƙiya suka yi wa Makau sharri wai ya ɓoye waɗansu daga bayin da ya kamo a hari, sarki ya kore shi daga gari. Cikin wannan rikici aka sace yaron, ya yi ta faɗawa daga hannu zuwa hannu har Kano, inda wani Balarabe, Abdulkarim, ya ɗauke shi ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗan cikinsa, ya sa shi karatu har ya zama malami. Uwar kuwa ta bi sawun ɗanta, wani mayaudari mai suna Ado ya yi mata alkawarin kai ta wurinsa, ashe cikin bauta ya jefa ta. Umar ya yi mafarki da ita, ya tashi nemanta, suka sadu a ƙasar Tarabulus bayan shekaru masu yawa, ba ta daɗe ba ta rasu. A kan hanyar komowa guguwar rairayi ta halaka ayarinsu, shi ya tsira ya iso ƙasar Hausa.

Abin da dandamali ya iya

Duk mai lura zai ga labarin nan daga bakin mutum guda ya ke fita. Ba mu ga Kagara ba, ba mu ga hamada ba, sai ta bakin Shaihu. Ƙarfin littafin yana cikin wannan murya mai sanyi, muryar dattijon da aka sace shi yana yaro, aka yi cinikinsa kamar akuya, amma ga shi yana ba da labarin ba zagi, ba ɗaga murya. Mai karatu shi ke jin zafin da mai ba da labarin ya ƙi nunawa.

Dandamali kuwa ya dace da irin wannan labari ƙwarai, saboda talaucinsa. Ba mai iya shigo da ayarin raƙuma cikin ɗakin taro, ba mai iya ta da guguwar rairayi bisa katako. Tilas ɗan wasa ya faɗa da baki, ya nuna da jiki, masu kallo su cika sauran da zuciyarsu. Har wa yau kuma, sa'ad da Shaihu ya zauna bisa buzu almajirai na gabansa, jama'ar da ke zaune cikin ɗakin su ma sun zama almajirai, da su a ke magana. In uwar ta yi kuka, kukan a gabanka a ke yinsa, numfashinta kana ji, maƙwabcinka na kujera yana salati, kai ma ka kama. Ɗan wasa kuma yana jin jama'a: in sun yi tsit ya ja maganar, in sun fara motsi ya gaggauta. Wannan ba ya shiga kyamara ko ta nawa ce.

Amma fa dandamali yana da nasa aibi, kada mu ɓoye. Mutum nawa ɗakin taro ke ci? Su wane ne kuma ke shiga? 'Yan makaranta ne, da ma'aikata, da manyan gari, yawancinsu maza, a birane irin su Kano da Kaduna da Zariya. In an kashe fitilu aka watse, wasan ya tafi ke nan, sai abin da ya rage cikin littafi. Manomin da ke ƙasar Kunci ko Tsanyawa bai san an yi ba.

Abin da fim ya yi

Adamu Halilu ya yi aikin da ya isa yabo. Fim ɗinsa minti 142 ne, ya kuma buɗe shi yadda littafin ya buɗe, da malami da almajiransa, bai yi wa labarin gaggawa ba. Abin da dandamali ya kasa kawowa shi ya fita da kyamara ya ɗauko: fada da fadawa, dawaki da kayan ado, daji da rairayi. Wanda ya gani ya san an kashe dukiya, an kuma girmama marubucin.

Duk da haka a nan ne gani ya fara korar ji. Babban allon silima yana son faɗi, ido kuwa bawan kyau ne. In aka jera mahaya da manyan riguna da rawuna za su fita hari, mai kallo sai ya shagala da kyan doki, ya manta mutanen nan fa ɗiyan waɗansu za su kamo. Ba laifin Adamu Halilu ba ne shi kaɗai, halin allon ke nan ko ina a duniya. Wole Soyinka da kansa ya fito cikin fim ɗin wasansa Kongi's Harvest na 1970, amma da ya ga abin da aka mai da shi sai ya tsame hannunsa daga gare shi.

Sa'an nan ga wani abin takaici. Fim ɗin Shaihu Umar ya ɓace shekaru da yawa, har aka ɗauka ya salwanta, sai cikin 2016 aka tsinci faifansa a ma'ajiyar Hukumar Fina-finai ta Nijeriya. Aka kai shi Jamus aka gyara, aka nuna shi a bikin fina-finai na Barlin cikin 2018. Madalla da waɗanda suka yi wannan aiki. Amma ku duba, jama'a: labari da Hausa, kan abin da ya faru a ƙasar Hausa, Jamusawa sun zauna sun kalle shi tsaf, alhali ƙauyukanmu ba su da gidan silima da za a kai musu shi.

Waɗanda za a kai wa

Wanda ya bi hanyar Katsina daga Kano ta Dawanau da Bici, ko ya bi hanyar Daura ta Ɗambatta, ya san irin ƙasar da mu ke nufi. Gona na manne da gona, ƙauye na hangen ƙauye, ba saura, ba daji. Gero da dawa da wake da gyaɗa a ke shukawa ko wace shekara a fili guda, taki ne ke riƙe da ƙasar, tun zamanin da jakuna ke kai itace birni su komo da mangalar taki. Gawo da kuka da ɗorawa na tsaye cikin gonaki, ko wane da mai shi. Mutanen nan sun daɗe da sanin hoto mai motsi. Tun zamanin Turawa motar majigi ke zuwa ta kafa farin ƙyalle a ƙofar dagaci, a nuna irin su Baban Larai don koyar da noma. Amma majigi baƙuwa ce, ta kwana ɗaya ta wuce.

Talabijin ya fara a Ibadan cikin 1959, a Kaduna cikin 1962. Gwamnatin Abubakar Rimi ta buɗe wa Jihar Kano tata tasha, CTV, cikin 1982, wadda yanzu a ke kira ARTV da sunansa. Ƙungiyoyin wasan dandamali na birni, irin su Tumbin Giwa, ta wannan ƙofa suka shiga akwati, daga nan suka wuce zuwa kaset da Turmin Danya cikin 1990. Cikin 2014 aka buɗe Arewa24, wadda ta saba wa mutane da wasanni masu dogon zango irin su Daɗin Kowa da Kwana Casa'in da Labarina. Yau ko inda wutar lantarki ba ta zama, akwai gidan kallo mai janareta, akwai faifan hasken rana bisa rufin ɗaki, akwai kuma wayar hannu da a ke tura wa wasanni a kasuwar ƙauye.

Babbar ribar da ke cikin wannan ita ce mata. Matar aure a ƙasar Kano ba ta zuwa ɗakin taro, silima kuwa tun asali ba wurin mutuncinta ba ne a idon jama'a. Amma akwati ya same ta har tsakar gida, tana tankaɗe tana kallo. To, Shaihu Umar sunan namiji ya ɗauka, amma wanda ya karanta da hankali ya san nauyin labarin a wuyan mace ya ke, uwar da ta bar kome ta bi ɗanta har ta mutu a ƙasar da ba tata ba. Shekaru masu yawa ana karanta wannan labari a makarantu, ana yinsa gaban maza. Talabijin ne zai fara kai shi ga iyaye mata da yawa, su da suka fi kowa sanin abin da a ke nufi da ɓatan ɗa.

Akwai kuma abu na biyu, mai nauyi, wanda ba a cika faɗa ba. Ƙasar nan ta arewacin Kano ba baƙuwar labarin ba ce. Fanisau, a ƙasar Ungogo, ribaɗi ne na Sarkin Kano Ibrahim Dabo, a can Bature Clapperton ya same shi cikin 1824 yana shirin yaƙi da Ɗan Tunku. Kewaye da garin akwai gandayen sarki da na attajirai waɗanda bayi ke nomawa, haka kuma a Gasgainu ta ƙasar Minjibir. Barth, wanda ya zo Kano cikin 1851, ya ƙiyasta bayin da a ke fitarwa daga birnin ko wace shekara sun kai wajen 5,000. Turawa suka yi doka cewa duk wanda aka haifa bayan 31 ga Maris 1901 ɗa ne, suka ci Kano cikin Fabrairu 1903 suka rufe kasuwar bayi, amma ba a soke bauta ɗungum a Nijeriya ta Arewa ba sai 1936. Ku lura da wannan lissafi: sa'ad da aka buga Shaihu Umar cikin 1934, akwai sauran mutane a raye waɗanda doka ba ta gama 'yanta su ba. Kalmomin rinji da gandu da murgu da bacucane ba daga littafi kakanninmu suka koye su ba. Saboda haka in aka sa wasan nan a gidan kallo a ƙasar Minjibir, jikan mai gandu da jikan wanda ya nome gandun bisa benci guda za su zauna, watakila ma surukan juna ne yanzu.

Ramuka uku

Wanda zai mai da wasan nan na talabijin, ramuka uku ke gabansa.

Na fari shi ne zaƙi. Kasuwar wasanni ta saba da soyayya da waƙa, mai talla kuma yana son abin da zai daɗe. Za a ce Umar ya girma a gidan Abdulkarim, me zai hana a ba shi budurwa, a sa kishi, a ja abin har kashi 50? Wanda ya yi haka ya kashe wasan. Littafin ɗan ƙarami ne, mutum na iya gama shi tsakanin azahar da magariba, ƙarfinsa kuwa cikin ƙanƙantarsa ya ke. A ganinmu kashi 6 ko 8 sun ishe shi. Miyar gida ɗaya in aka tsinkata don ta ishi unguwa, ruwa a ke sha.

Rami na biyu ya fi na farko zurfi, shi ne a ɗora laifin duka bisa baƙo. Abu ne mai sauƙi a sa Balarabe ya zama mugu mai bulala, mutanen ƙasa su zama bayin Allah waɗanda aka zalunta, kowa ya kalla ya kwanta da zuciya fara. Abubakar Tafawa Ɓalewa bai rubuta haka ba. Makau mutumin kirki ne, mai gaskiya, mai riƙon amana, amma sana'arsa fita hari ne ya kamo mutane, ba a kuma kore shi don ya kama bayi ba, sai don an ce ya ɓoye rabon sarki. Bayan haka abin da ya yi wa matan waɗansu da 'ya'yansu shi ya sami matarsa da agolansa. Wanda ya sace yaron ɗan ƙasa ne. Abdulkarim kuwa, wanda ya yi wa Umar alherin da ba ya misaltuwa, fataucinsa ya haɗa da bayi. Marubucin bai tsaya ya yi wa kowa wa'azi ba, ya jera abubuwan nan kurum ya bar mai hankali ya auna. Wannan shi ne gishirin labarin, in aka cire shi saura tatsuniya.

Rami na uku shi ne gori. A ƙauye kowa ya san asalin kowa, har yau kuma akwai gidajen da a kan yi wa bincike in maganar aure ta taso. Kadan aka nuna bayi a wasan kamar tarkace, marasa suna, abin dariya, to gobe da safe yara za su sami sabon sunan tsokana a makaranta. Maganin wannan yana cikin wasan kansa: mutumin da ya fi kowa daraja cikinsa, wanda manya ke durƙusa wa, shi ne wanda aka taɓa sayarwa. A riƙe wannan da kyau, a ba ko wane bawa da ya fito fuska da magana irin ta mutane.

Mun san akwai masu cewa a bar kaza cikin gashinta, tone-tone ba ya haifar da alheri. Muna girmama wannan magana, gama masu yinta zaman lafiya su ke so. Amma littafin nan yana hannun 'yan makaranta tun kafin a haifi yawancinmu, bai ta da fitina ba. Cikin Janairu 1977 wata tashar Amurka ta nuna Roots, labarin bautar baƙar fata, dare 8 a jere, mutum wajen miliyan 100 suka kalli daren ƙarshe, jikokin bayi da jikokin iyayengiji, ƙasar kuwa ba ta tsage ba. Ga shi kuma satar mutane don neman fansa ta komo ƙasar Hausa a zamaninmu, har an kwashe 'yan makaranta a Kagara ta Jihar Neja cikin Fabrairu 2021. Uwar da ke jiran labarin ɗanta yau ba za ta ce wasan nan tsohon zance ne ba.

Yadda mu ke ganin a yi

Akwatin talabijin ƙarami ne, na wayar hannu ya fi shi ƙanƙanta. Hamada ba ta shiga cikinsa, ayarin raƙuma in ya shiga sai ya koma kamar jerin tururuwa. Abin da akwati ya iya, wanda dandamali da silima duka ba su kai shi ba, shi ne fuskar mutum guda yana magana da kai a ɗakinka. To, ashe abin da wasan nan ke bukata ke nan tun asali. Muna ba da shawara ko wane kashi ya buɗe a zauren Shaihu, ya rufe a can, a bar kyamara ta daɗe bisa fuskarsa, a bar almajirai su yi tambaya irin wadda mai kallo zai so ya yi. Ta haka mutanen gidan kallo za su koma almajirai, kamar yadda mutanen ɗakin taro suka zama.

Waɗansu ƙasashe sun riga mu gwada wannan. Gidan BBC na Ingila ya ɗauki wasannin Shakespeare 37 tsakanin 1978 da 1985, yawancinsu cikin ɗaki aka yi su, aka dogara ga magana da fuska. Cikin 1985 aka mai da Death of a Salesman na Arthur Miller wasan talabijin a Amurka, Dustin Hoffman ya ja shi, mai ba da umarnin kuwa ya bar bangayen gidan a buɗe irin na dandamali, da gangan, don kada mai kallo ya shagala da gini ya bar mutanen. Darasin da ke ciki shi ne ba dole ne a ɓoye asalin wasa ba don an sa shi cikin akwati.

Sai dai ɗan wasan dandamali tilas ya sake koyon sana'arsa. A ɗakin taro yana ɗaga murya don na layin baya ya ji, yana buɗe hannu don na nesa ya gani. In ya yi haka gaban kyamara sai ya zama kamar mai shela a cikin ɗaki. A akwati ƙifta ido magana ce, shiru ma magana ce. Amma kuma a tuna inda za a kalla: janareta na ruri, yara na kai da kawowa, mai shayi na kiran ciniki. Saboda haka a kashe kuɗi wajen ɗaukar murya fiye da wajen ɗinka riguna, gama in magana ta ɓace a wannan wasa kome ya ɓace. Hausar kuma ta zama ta dattawa, tsattsarka, kada a ji bafaden ƙarni na 19 yana jefa kalmar Turanci.

Wajen abin da za a nuna da abin da za a bari a baki, ga namu ra'ayi. Guguwar rairayi a bar Shaihu ya faɗe ta, kada a ɓata kuɗi wajen ƙirƙiro ta da kwamfuta, gama ƙarya ce za ta fito, yara kuwa sun ga wadda ta fi ta a fina-finan Indiya da Amurka. Amma wurin cinikin bayi a Kano, wannan a nuna shi, a tsanake, ba kiɗa: yadda a ke duba haƙora, yadda a ke taya mutum, yadda mai saye da mai sayarwa ke gaisawa da ladabi su yi sallama. A nan ne gani ya kamata ya taimaki ji, gama abin da kunne ya saba da shi har ya daina jin zafinsa, ido in ya gani sai ya farka. Tasha kuma ta yi wa Allah ta lura da inda ta ke yanka wasan don talla. Kada a sayar da uwar Umar, kafin hawaye ya bushe a shigo da tallan sabulu.

Ba mu ce wasan ba shi da aibi ba. Akwai wuraren da sa'a ta yi yawa, kamar inda kura ta cinye ɓarawon yaron ta bar yaron. Babban abin da mu ke tuhumarsa da shi kuwa shi ne wannan: tun da Umar ya fita daga bauta da ilmi da daraja, mai gajeren tunani zai iya cewa ashe abin alheri ne ya zame masa, ƙaddara ce mai kyan ƙarshe. Haƙurin Shaihu yana iya rufe zaluncin da aka yi masa. Abin da ke hana wannan fassara shi ne uwar, ita da ba ta sami kome ba sai wahala da kabari a baƙuwar ƙasa. A nan mai mai da wasan yana da damar ya ƙara abin da ba zai saɓa wa marubucin ba: ya ba tafiyarta lokaci daidai da na ɗanta, kashi guda nasa, kashi guda nata. Amma kada tausayi ya ɗebe shi ya raya ta, ya komo da ita gida a yi biki. Mutuwarta ita ce hukuncin da littafin ya yanke wa bauta, wanda ya ɗauke ta ya ɗauke hukuncin.

Abu guda ne ba mu ga yadda akwati zai mayar ba, watau amsawar jama'a ga ɗan wasa mai rai. Wannan sai dandamali. Don haka muna roƙon makarantun sakandare na Bici da Ɗambatta da Dawakin Tofa da sauransu kada su ce tun da za a gani a akwati an hutar da su. Littafin wasan yana nan, buzu da allo da 'yan tabarmi sun isa kayan wasa, filin makaranta kuwa ya isa dandamali.

Ga masu tashoshin Kano kuma, na gwamnati da na 'yan kasuwa, ga tamu 'yar shawara. Kafin a ɗauki sabo, a nemi izinin nuna fim ɗin Adamu Halilu da aka gyara, a sa shi da rani bayan an gama girbi, sa'ad da manomi ke da sukunin zama. Sa'an nan a aika mutane gidajen kallo na ƙauyuka su zauna su saurari abin da jama'a ke cewa, inda suka yi tsit da inda suka tashi shan iska, a tambayi mata su ma a cikin gidajensu. Abin da aka jiyo shi zai nuna wa mai rubuta sabon inda zai sa ƙafa. Masu karatu kuma da suka ga wasan nan bisa dandamali a shekarun 1970, ko suka yi shi a makaranta, muna so su rubuto mana abin da suka tuna, mu buga a wannan shafi. Allah ya ji ƙan Malam Abubakar da ya rubuta, ya ji ƙan waɗanda labarin ya faru a kansu da gaske, waɗanda ba wanda ya rubuta sunayensu.